Kuɗin furojet: wai mu 'yan tarihi ba mu da rabo a tallafi ne?

Ɗan Ƙofar Guga: Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni ga yayyenmu da suka riga mu fita. Ina 300 lebul zan shiga ajin ƙarshe, an ce mu fara kawo taken furojet tun yanzu, ni kuma abin da raina yake so shi ne cinikayya tsakanin Katsina da Maraɗi daga zuwan Turawa har 1960, yadda shata iyaka ta canza ma fatake hanya. Sufabaiza ya ce take ne mai kyau amma sai na je Kaduna na duba takardun akayib, wato ma'adanar tsofaffin takardu, kuma sai na tsallaka Maraɗi na zauna da dattawa. Tau da na zauna na buga lissafi, kuɗin mota da na kwana da abinci da fotokwafi, sai na ga abin ya haura kuɗin makarantar da Baba ke biya da ƙyar. Wai akwai inda ake ba ɗalibin tarihi tallafin bincike, ko wurin koyon aiki da ake ɗan ba mutum na mota? Kullum aka turo fom a nan sai ka ga injiniya da likitanci da kwamfuta kawai.

Mai Rafindaɗi: Wa'alaikumus salam. Hhhh sannu da zuwa ɗan'uwa, yau ka farka kenan. Tallafin asusun PTDF na masu karatun fannin man fetur ne, na MTN na 'yan kimiyya da fasaha ne sai kuma na makafi, kamfanonin mai galibi injiniya da likita suke nema. SIWES ma, shirin tura ɗalibai koyon aiki da ake ba yara ɗan alawi, mu ba mu ciki. Ka canza take kawai ka rubuta tarihin unguwarku a wuce wurin, kowa haka ya yi.

'Yar Daurama: Haba Mai Rafindaɗi, yaro ya zo da zafinshi za ka zuba mashi ruwan sanyi tun a ƙofa

Mai Rafindaɗi: Gaskiya ce na faɗa mashi hajiya, gara ya ji yanzu da ya ji a simesta ta biyu

Yaya na Samaru: Slm. Bari in sa baki tunda ni na wuce ta nan, yanzu ina digiri na biyu a Zariya. Mai Rafindaɗi bai yi ƙarya ba amma bai faɗi duka ba. Kuɗin da aka rubuta ma suna "na binciken ɗalibin tarihi mai digirin farko" kusan ka cire rai da shi, amma akwai kuɗin da ba ruwanshi da kwas ɗin da kake yi, shi ya kamata ku riƙa bi. Akwai alawus na hukumar sikolashif ta jiha, duk ɗan jiha na iya cikawa in an buɗe. Akwai na hukumar sikolashif ta tarayya na ɗaliban makarantun gwamnati, daga aji biyu zuwa sama, sai dai suna son maki mai ƙarfi, CGPA 4.0 a ma'aunin 5 suka saba sawa. Sai NELFUND, asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya da aka buɗe a 2024, shi bashi ne ba kyauta ba, suna biya ma makaranta kuɗinta kai tsaye kai kuma su riƙa ba ka dubu 20 duk wata in ka nemi na ɗawainiya, ba ruwa a ciki, kuma sai shekara biyu bayan ka gama bautar ƙasa ake fara cira. In NELFUND ta ɗauke ma Baba kuɗin makaranta, ai abin da zai biya ɗin nan shi ne kuɗin zuwanka Kaduna. Haka wani abokina ya yi.

Waɗanda kuke gani a intanet irin su cibiyar bincike ta CODESRIA da ke Dakar, da tallafin tafiye-tafiye na cibiyar WARC ita ma a Dakar, da IFRA ta Faransawa da ke jami'ar Ibadan, duk na masu digiri na biyu da na uku ne da malamai. Ku rubuta sunayensu ku aje za su yi maku rana nan gaba, amma kar ku ƙona data a kansu yanzu.

Ɗan Ƙofar Guga: Na gode Yaya Allah ya ƙara girma. Tau TETFund fa, asusun tallafa ma manyan makarantu? Na ji ana ta cewa suna ba da kuɗin bincike

Yaya na Samaru: Malamai ake ba ƙanena, ta hannun makaranta. Ɗalibi baya cike fom ɗin. Amma ga inda dabarar take, malamin da ya samu kuɗin nan yana buƙatar yaran da za su je mashi ƙauye su yi hira, su kwafe kaset zuwa takarda, su ɗauki hoto. Nan ne kai za ka shiga. Ka san wane malami ne a sashenku yake da aiki a hannu, ka je ka gaishe shi ka ce Malam ina iya rubuta Hausa da kyau, ina karanta ajami, ina da waya mai ɗaukar murya. Wallahi mai iya ajami a cikinku ya fi mai 4.5 daraja a wurin irin wannan malamin.

Mai Rafindaɗi: Sai ka gama yi mashi bauta ya sa maka albarka ya ba ka dubu biyu kuɗin mashin

Yaya na Samaru: Akwai masu haka ban musa ba. Shi ya sa ake magana tun farko cikin ladabi, Malam nawa ne na mota, kuma zan iya amfani da wani abu daga hirarrakin a furojet ɗina? In ya yarda da na biyun ko bai ba ka sisi ba ka ci riba, don motarshi ce ta kai ka inda ba ka iya kai kanka.

Admin: Jama'a kafin a ci gaba, wanda ya turo wancan link ɗin na "tallafin ɗalibai dubu 150 ka biya 3,500 na rijista" na goge shi. Duk tallafin da aka ce sai ka biya kafin a ba ka, ko a ce ka turo lambar katin ATM ɗinka, damfara ce. Wanda ya sake turo irinshi zan fitar da shi ba sani ba sabo.

'Yar Daurama: Ni dai bari in ba ku nawa labarin ko zai yi ma wani amfani, don ni ban samu ko kwabo daga kowa ba kuma na gama lafiya. Da farko nima babban take na ɗauko, wai sarautar mata a ƙasar Hausa tun daga Magajiyoyin Daura, sai malamata ta yi dariya ta ce wannan aikin digiri na uku ne, ki nemo abin da ƙafarki za ta iya kai ki. Sai na koma kan kaɗi da saƙa a hannun matan cikin birnin Daura daga 1950 zuwa 1980, yadda yadin masaƙun Kaduna da Kano ya kashe sana'ar. Kuɗin da na kashe bai wuce na goro da sabulu da turare da nake riƙe ma tsofaffi ba, sai na caji. Akwai wata tsohuwa a bayan rijiyar Kusugu, kakar ƙawata ce, da na ce mata Iya wace shekara kika daina kaɗi sai ta ce ita ina ta san shekara, amma dai lokacin ba a daɗe da canza kuɗi ba, ana ta rigimar sule da kwabo a kasuwa. Nan na samu 1973 ba tare da ta faɗi lamba ba. Wani abun kuma ta ce mani tana goyon ɗanta na biyu lokacin da Sarkin Daura Abdurrahman ya rasu, kun ga 1966 kenan. Ta sa aka ciro mata wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, ga mazari har uku a ciki, ga guntun alli da take shafa ma yatsu, ga ragowar abawa ta yi ja saboda daɗewa, ta ɗora mazarin a tasa ta murza da yatsa biyu yana juyawa tana ba ni labari ko kallonshi ba ta yi. Wannan babu shi a kowane fayil na Kaduna, kuma namiji ba ya shiga ɗakin nan balle ya gani. Mu mata muna da wannan damar amma sai mu riƙa kwaikwayon taken maza na yaƙe-yaƙe da sarauta.

Anti Malama: Allah ya yi maki albarka ɗiyata. Ni da nake koyarwa a sakandare na san zafin abin nan, tun da aka cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009 aka samu yaran da ba su san ko Gobarau, tsohuwar hasumiyar nan ta Katsina, mene ne ba alhali kullum suna wucewa ta gabanta. Yanzu an dawo da shi amma ina littattafan da za mu koyar da tarihin garuruwanmu? Irin aikinki ne ya kamata a buga.

Ɗan Ƙofar Guga: Anti 'Yar Daurama aikinki ya burge ni gsky, amma ni fa cinikin iyakar nan ne a raina, kakana bafatake ne har Agadas yana zuwa

Ɗan Gidan Sarauta: Ni ban ga abin wahala ba a nan. Duk kuna ta zagaye-zagaye. Ka rubuta takarda ka kai ma ɗan majalisarku ko ciyaman ko hakimin garinku ko wani attajiri ɗan kasuwa, ka ce za ka rubuta tarihin da ya shafi gidansu. Wallahi akwai masu kuɗin da in suka ji za a sa sunan kakansu a littafi dubu ɗari ba komai ba ce a wurinsu. Dama can malamai da marubuta a inuwar sarakuna da masu hali suke aiki tun zamanin da.

Anti Malama: A nan ne zan rabu da kai ɗana. Wanda ya biya ka ya rubuta tarihin gidansu ba tarihi yake so ba, kirari yake so. Na san wani yaro da wani mai riƙe da sarauta a wani gari ya ɗauki nauyinshi, ya ba shi mota da direba har da masauki, da yaron ya gama ya kai mashi ya duba sai ya ce babi na uku a cire shi gaba ɗaya, saboda a nan ne aka yi bayanin gidan da aka karɓe sarautar daga hannunsu. Yaro ya rasa yadda zai yi, ga kunyar wanda ya ci abincinshi ga sufabaiza ta ce ba ta sa hannu sai da babin. Sai da ya ƙara simesta.

Ɗan Gidan Sarauta: Anti wannan mutum ɗaya ne, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Anti Malama: Ban ce duka ba. Amma ka duba tarihinmu da kanka ka gani. A 1906 Turawa suka sauke Sarkin Katsina Yero na gidan Dallazawa suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko Basulluɓe, ya yi mulki har 1944. A Daura ma zamanin ne aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka mayar da sarauta gidan Haɓe bayan ta daɗe a hannun Fulani tun jihadi. Kowane gida a cikin waɗannan yana da yadda yake ba da labarin, kuma kowanne akwai jikoki da ransu. Haka abin yake har ƙasa, hakimai da dagatai da masu unguwa, da wuya ka samu garin da ba a taɓa sauke wani an naɗa wani ba. Yaro ɗan shekara 22 da ya karɓi kuɗin ɓangare ɗaya ta yaya zai je ɗaya gidan su saki jiki da shi? Kafin ya isa labari ya riga shi.

Mai Rafindaɗi: Tau Anti in bai karɓa ba ke za ki ba shi? Talaka fa ba ya da zaɓi irin wannan, mai abin hannu ne ke cewa ba ya son kuɗin wane

Ɗan Gidan Sarauta: Yauwa faɗa mata dai. Kuma su Turawan da ke ba da nasu tallafin ai su ma da abin da suke so a rubuta

'Yar Daurama: Wannan kam gaskiya ne, kowa da manufarshi

Anti Malama: Bature ba ya haɗuwa da kai a wurin ɗaurin aure ya ce kai ne ka zagi kakana. Bambancin kenan.

Dakta: Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu ina cikin taro ne. Malama da Ɗan Gidan Sarauta kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Abin da nake gaya ma ɗalibaina shi ne, in za ka nemi taimako wurin mai sarauta ko ɗan siyasa, kar ka nema a kan taken da ya shafi gidanshi ko kujerarshi. In kana rubutu a kan marina ko kasuwa ko makarantar allo, je ka nema ba laifi. Kuma ka fi neman abu a kan tsabar kuɗi, wato wasiƙar gabatarwa, ɗan rakiya da zai kai ka gidajen dattawa, ɗakin kwana. Wasiƙar hakimi tana buɗe ƙofar da dubu hamsin ba ta buɗewa. Duk wanda ya taimaka ka sa sunanshi a shafin godiya kowa ya gani, kuma kar ka yi ma kowa alkawarin zai duba aikin kafin sufabaiza.

Sai kai mai tambaya. Takenka yana da kyau amma ya yi maka girma, kuma ba kuɗi ne kaɗai matsalar ba. Iyakar nan yarjejeniyar Ingila da Faransa ce ta 1904 da 1906 ta tsayar da ita, rabin labarin yana takardun Faransawa, da Faransanci aka rubuta su kuma suna Yamai da wasu wuraren. Kana jin Faransanci? Sannan ka ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023 sai a 2024 aka buɗe, ga halin rashin tsaro da hanyar Jibiya ta zuwa Maraɗi take ciki. Ba zan tura ɗalibina can da wata shida a hannunshi ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da ya yi aikinshi a kan Katsina ya bi garuruwa har cikin Nijar yana hira da mutane, amma digiri na uku yake yi kuma shekaru ya ɗauka. Kai ka ce kakanka bafatake ne. Tau ga furojet nan a cikin gidanku. Ka ɗauki gidajen fatake uku ko huɗu na cikin birni, ka bi yadda suka koma daga jaki da raƙumi zuwa mota, daga kanwa da gishiri da fata zuwa gyaɗa da auduga da kayan kanti. Maraɗi za ta shigo da kanta ta bakinsu. In Allah ya kai ka digiri na biyu sai ka tsallaka, lokacin kuma ka isa neman kuɗin su WARC ɗin da aka ambata, don dama na masu bincike a wata ƙasar Afirka ta Yamma ne.

Ɗan Ƙofar Guga: Ranka ya daɗe na gode ƙwarai, wlh kamar an sauke mani kaya. Faransanci kam ko gaisuwa ban iya ba. Amma Kadunan fa, dole ne sai na je?

Dakta: Ka je, ko na kwana uku ne. Ɗalibin tarihi bai kamata ya fita jami'a bai taɓa riƙe fayil da hannunshi ba. Amma ka je da shiri. Mafi yawan kuɗin da yara ke ɓatawa a Kaduna na rashin shiri ne, mutum ya kwana biyu yana neman abin da bai san sunanshi ba. Na Samaru ya yi maka bayani shi ya fi ni sabon zuwa.

Yaya na Samaru: To Malam. Ga abin da na sani. Wuri biyu ne, akwai ma'adanar takardu ta ƙasa reshen Kaduna, ita ce ake rubutawa NAK a ƙasan shafi, sai Arewa House da ke gidan Sardauna a titin Rabah, ita ta jami'ar Ahmadu Bello ce, Farfesa Abdullahi Smith ya kafa ta a 1970. Ka taho da wasiƙa daga sashenku mai hatimi da katin makaranta. Takardun lardin Katsina lambarsu KATPROF, amma ga inda mutane ke faɗawa rami, Katsina ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934, kafin nan tana ƙarƙashin Kano daga baya Zariya, Daura ma tana Kano. Saboda haka in abin kafin 1934 kake nema ka duba KANOPROF da ZARPROF da kuma SNP na sakatariyar Arewa. Abin da zai fi yi maka amfani rahoton shekara na Razdan, wato Baturen da ke kula da lardi, da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, a ciki Di'o, Baturen da ke ƙarƙashin Razdan, yake lissafa sana'o'i da kasuwanni da dabbobi saboda jangali, har farashin kaya wani lokacin. Fayil ɗin za a kawo maka shi a ɗaure da zare, takardar ta yi ruwan ƙasa bakinta yana ɓarɓashi in ka ja da ƙarfi, wani wurin bugun tafireta wani wurin rubutun hannun Bature a gefe da jan alƙalami yana musa ma na ƙasa da shi, kuma sau da yawa wannan na gefen ya fi rahoton kanshi daɗi. Ka rubuta lambar fayil da shekara a littafinka kafin ka karanta ko layi ɗaya, in ba haka ba ranar haɗa manazarta za ka yi kuka. Ka tambayi ƙa'idarsu ta kwafi da ɗaukar hoto tun ranar farko. A Arewa House kuma ka nemi Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun 1939 ake buga ta, wasiƙun masu karatu da labaran garuruwa akwai abin mamaki a ciki.

Kuma kafin ka hau mota ka leƙa shafin shirin ceto tsofaffin takardu na Laburaren Birtaniya, EAP ake ce mashi, sun taɓa ba da kuɗi an ɗauki hoton wasu takardun Kaduna an sa a intanet kyauta. Data kawai za ka sa.

Ɗan Mani: Wannan EAP ɗin mu ba mu iya nema? Akwai gidan malamai a wajenmu da ke da littattafan hannu cike da adaka gara na ci

Dakta: Ɗalibi shi kaɗai a'a, sai da cibiya ko jami'a a bayanka da mai ƙwarewa da zai jagoranta, kuma sai masu littattafan sun yarda. Kyawun shirin shi ne ba a ɗauke asalin takardun a fita da su, hoto ake ɗauka, kwafi ya zauna a ƙasar. Amma abin da kai za ka iya yanzu, ka je da ladabi ka rubuta littafi nawa ne, na wane fanni, wa ya kwafa, wane hali suke ciki, ka kawo ma sashe. Da irin wannan jerin ake fara neman kuɗin, kuma in an samu ai kai ne na farko da za a ɗauka aiki.

Ɗan Mani: In sha Allah zan gwada Malam. Dama ni Durɓi Takusheyi nake son yi, wurin tsofaffin kushewun sarakunan nan, tunda kusa da mu take

Dakta: Yi a hankali da wannan. An tona wurin a 1907 zamanin Baturen mulki Palmer, an sake tonawa a 1992 tare da Jamusawa, kayan da aka samu har Jamus aka kai su aka gyara. Tono aikin masu ilmin kufai ne da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kar ka kuskura ka taɓa ƙasa. Kai naka shi ne abin da mutanen wurin ke faɗa a kan kushewun da yadda suke ɗaukarsu a yau.

Mai Kamara: Slm jama'a ni ban ga an ambaci Wikimedia ba, gidauniyar da ke tafiyar da Wikipedia, kuma ita ce na san ɗan digirin farko zai iya samu da hannunshi. Suna da ƙaramin tallafi daga dala 500 zuwa 5,000 na ayyukan da suka shafi Wikipedia da 'yan uwanta, ba a tambayar digiri, abin da ake dubawa ka daɗe kana gyara da rubutu an san ka, ka kawo tsari da kasafi, in ka gama ka kawo rahoto da risit. Ba kuɗin furojet ɗinka ba ne fa kar a fahimce ni ba daidai ba, amma in ku biyar kuka haɗu kuka ce za ku ɗauki hotunan ƙofofin Katsina da ganuwa da hubbaren Ɗan Marina da Ɗan Masani da tsofaffin gidaje ku ɗora ku rubuta maƙaloli da Hausa, ai yawon da za ku yi shi ne yawon bincikenku. Akwai kuma gasar hotunan wuraren tarihi da ake yi duk shekara. Abu ɗaya, Wikipedia ba ta karɓar "kakata ta gaya mani", sai abin da aka riga aka buga.

Mai Rafindaɗi: Dala ka ce? Yanzu ka yi magana, turo mani yadda ake rijista

Mai Kamara: Hhh ai matsalarku kenan, sai an ji dala. Ka fara rubuta maƙala goma tukuna kyauta

'Yar Daurama: Maganar wurin koyon aiki fa ba a amsa mashi ba

Anti Malama: Gidan tarihi na ƙasa yana nan cikin gari a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ga kuma hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Ku karɓo wasiƙa daga sashe ku kai lokacin dogon hutu ku ce kuna son ku koyi aiki. Kar ku sa ran albashi, ku sa ran za ku koyi yadda ake rijistar kaya da zagayawa da baƙi, kuma ku fito da takardar shaida. Gidajen rediyo ma suna son mai haɗa masu shirin tarihi da Hausa mai kyau, nan ne ma aka fi samun ɗan na mashin.

Yaya na Samaru: Takardar shaidar nan kar ku raina ta, ita ce za ku liƙa ranar da za ku nemi manyan tallafin

Admin: Tau ni ga shawara tunda dai kowa Kaduna zai je. Maimakon kowa ya tafi shi kaɗai ya kama ɗaki shi kaɗai, mu haɗa tafiya ɗaya bayan jarabawa, kowa ya kawo jerin abin da yake nema tun daga gida Yaya na Samaru ya duba mana. Wanda ba ya da halin zuwa ya ba da nashi jerin da ɗan abin da ya samu a duba mashi. Mu fara zubin dubu biyu duk sati daga Juma'ar nan, ma'ajin ƙungiyar ɗalibai ya riƙe, kuma mu rubuta ma shugaban sashe ko za a taimaka mana da motar makaranta mu mu sa mai. Mai so ya rubuta sunanshi a ƙasa.

Ɗan Ƙofar Guga: Ni na farko

Ɗan Mani: Na biyu, amma dubu biyu ta yi yawa Admin a mayar da ita dubu ɗaya

Mai Rafindaɗi: A sa ni, amma ma'aji ya riƙa turo lissafi nan duk sati kowa ya gani, ba na son labari daga baya

Admin: An yarda. Dubu ɗaya mafi ƙaranci, mai hali ya ƙara.

Yaya na Samaru: Ku tsara ku isa ranar Lahadi da yamma don ku fara Litinin da safe, ba a buɗewa Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ce a aikace

'Yar Daurama: Akwai ƙannenmu mata uku da suka yi mani magana ta gefe suna son zuwa amma gida ba za a bar su su kwana a masauki ba. Ya za a yi da su?

Anti Malama: Yayata tana Unguwar Rimi a Kaduna kuma 'ya'yanta duk sun yi aure ɗakuna na nan a rufe. Bari in kira ta da daddare, in ta amince ki turo mani lambobin iyayensu ni zan yi masu magana da kaina.